Takobi Da Tarbiyya: Tarihin Kokowa A Nijar Da Abin Da Ta Mayar Da Mu



Kwanakin baya yayata ta kira ni daga ƙauyenmu da ke kudancin jihar Maraɗi, tun daga sallamarta na san ba lafiya ba. Ɗanta na fari, yaro ɗan shekara 16 da ke aji uku a kwaleji, ya ajiye jakar lakwal ya ce shi ya gama da boko, kokowa zai yi. Ta ce da ni: "Kai ne kawunsa, kuma kai ne kullum kake cika masa kunne da labarin ƴan kokowa a rediyo. Tunda kai ka ɗaura, sai ka zo ka kwance." Na ce mata ina nan tafe ranar Juma'a.

Da na ajiye waya sai na ga ban shirya abin da zan gaya wa yaron ba. In na ce masa kokowa aikin banza ce na yi ƙarya, domin ba don ita ba da ban zama abin da na zama ba. In kuma na ce masa ya bi zuciyarsa, to na san gidaje da yawa da irin wannan shawara ta bar su da kuka. Shi ya sa na zauna na bi tarihin abin tun daga tushe, kamar yadda na ji daga bakin manya, da yadda na gani a shekarun da na yi ina ɗauko rahoto daga filayen kokowa. Abin da na tattara ke nan nake son mu duba tare.

Kokowar kaka

Tun kafin Bature ya ja layin da ya raba Maraɗi da Katsina, ya raba Damagaram da Daura, kokowa tana cikin rayuwar ƙauyukan ƙasar Hausa, haka ma wajen Zabarmawa da Barebari. Lokacinta kaka ne. In an yanke gero an ɗaure dammuna an kai rumbu, ciki ya cika, farin wata ya fito, sai makaɗa su fito dandali. Ƙananan yara ke buɗe fili, sannan samari, sai can dare ya yi nisa manyan ƙarfafa su shigo da walkinsu da layunsu. Ƙauye kan aika wa ƙauye goron gayyata, a tafi a ƙafa ko a kan jakuna, a kwana biyu ana gwabzawa. Abin da gwani ke samu bai wuce goro da zane ba, wani lokaci akuya, in an yi babbar sa'a ɗan maraƙi. Babbar riba ita ce suna. Sunan nan kuwa shi ke sa iyayen yarinya su saurari saurayi, shi ke sa a ba shi wuri in ana shawarar gari, shi ke sa ƙauyen da ba shi da kasuwa ba shi da sarki a san da zamansa.

Kokowa ba ita kaɗai ba ce. Akwai dambe, wanda aka fi sani da mahauta, wanda a can Najeriya ya fitar da irin su Shago da makaɗinsa Ɗan Anace. Akwai sharon Fulani, inda saurayi ke tsayawa a zabga masa bulala bai ƙifta ido ba. Kowanne da tsarinsa, amma abu ɗaya ya haɗa su: babu wanda yaro ke shiga da ka. Akwai sarkin samari, akwai tsofaffin da suka yi zamaninsu suka koma gefe suna kallo. Su ke cewa wane ya isa ya kama wane, su ke raba rigima, su ke korar wanda ya zo fili da mugun nufi. Wanda ya yi kaye shi ke miƙa hannu ya ta da wanda ya kayar. Noma da jan ruwa a rijiya su ke ba yaro ƙarfi, dandali kuma shi ke koya masa inda ake ajiye ƙarfin. Wannan shi ne asalin abin, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe shi, domin za mu dawo kansa.

Shekarar 1975 da zuwan takobi

Ranar 15 ga watan Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, a daidai lokacin da fari da yunwa suka galabaitar da ƙasar. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya, ta kuma shiga neman abin da zai tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Ba'abzine wuri guda ba tare da an nemi tafinta ba. Kokowa ta amsa wannan buƙata, domin kowa ya san ma'anar mutum ya sha ƙasa. A shekarar 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko.

Daga nan gasar ta riƙa zagayawa jiha zuwa jiha. Tsarinta a yau shi ne jihohi takwas, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram, kowace ta kawo ƙarfafa 10, jimilla 80. Kafin mutum ya shiga cikin goman nan sai ya tsallake tankaɗe da rairaya tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha. Ana kwana wajen goma ana karawa, kuma duk wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kare sunan jiharsa. Shi ya sa kowace yamma tambayar da ke bakin jama'a daga tasha har majalisar shayi ita ce: saura mutum nawa ba su faɗi ba? Wanda ya rage shi kaɗai a tsaye, a naɗa masa rawani, a miƙa masa takobi, a ɗora shi kan doki, a bi shi da kuɗi da kyaututtuka.

Abin da ya mayar da wannan gasa ta kowa da kowa shi ne rediyo. Muryar Sahel ta kai ihun fili har bukkar makiyayi, daga baya talabijin da gidajen rediyo masu zaman kansu suka shigo. Ta haka yaron da bai taɓa fita ƙauyensu ba ya san Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram. Ya san muryar Sagalo mawaƙin ƴan kokowa, ya san cali-cali masu shiga fili suna kwaikwayon ƙarfafa don a yi dariya a huce. Yau filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Mutanen da yawancinsu ba su zauna aji ba, ga sunayensu a ƙofar gine-ginen gwamnati. Namu zamanin kuma ya zo da irin su Bindigau na Maraɗi, Laminu Mai Daba na Agadas, Yakuba Adamu na Yamai, da Kadri Abdu da aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen shekarar 2023, a karo na 44 na gasar.

Sai dai takobi ya zo da nasa canji. Abin da ake yi bayan an gama noma ya koma abin da wasu ke barin noma dominsa. Attajirai da ƴan siyasa suka shigo da kyauta, kowa na son a ambaci sunansa a lasifika. Neman asiri da ake yi da ɗan goro ya koma na kuɗi masu nauyi. Ban ce duk wannan sharri ne ba, domin da yawa sun gina gidaje sun kai iyayensu Makka da kuɗin kokowa. Amma nauyin ya tashi daga hannun tsofaffin dandali ya koma hannun masu kuɗi, kuma mai kuɗi kaye yake saya, ba tarbiyya ba.

Kawuna da wata guda na faɗuwa

A nan ne tarihin ƙasa ya shigo gidanmu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shekara kamar 20 lokacin da Kantu ya ɗauki takobi. A rediyon mai gari ya saurara, kuma ya sha gaya mini daren nan bai runtsa ba. Ya yi suna a yankinmu, sau biyu yana kaiwa zaɓen gunduma, amma bai taɓa shiga cikin goman jiha ba. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da aka yi a lokacin, sai ya sayar da ƴan dabbobinsa ya tafi cirani. Dakon buhuna ya ƙarasa masa gwiwar da kokowa ta fara taɓawa. Lokacin da na yi wayo, ɗingishi yake.

Ni kuma na tashi da in'ina mai tsanani. In mushe ya ce in tashi in yi karatu, kafin in fitar da kalma ɗaya aji ya kwashe da dariya. Na koma yaro mai shiru a gaban manya, mai saurin jifa da dutse in yara sun tsokane ni. Ina da shekara 10 na fasa wa wani yaro goshi, aka kai ƙara gida, mahaifina ya zane ni. Da yamma Kawu ya zo ya ce a ba shi ni. Mahaifina, da yake almajiri ne, ya ce shi ɗansa ba zai shiga harkar layu da tsiraici ba. Sai da liman ya sa baki, ya kawo labarin da malamai ke bayarwa na kokowar Manzon Allah (SAW) da Rukana, ya ce laifin ba a kokowar yake ba, a abin da ake haɗa ta da shi ne. Mahaifina ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba laya, ba fashin makarantar allo.

Na ɗauka ran nan za a koya mini yadda zan ɗaga yaran da ke yi mini dariya in buga da ƙasa. Sai Kawu ya kai ni cikin rairayin gulbi da asuba, ya sa ni gudu har numfashina ya sarƙe, sannan ya tsaya gabana ya ture ni na faɗi. Na tashi, ya sake turewa. Haka muka yi wata guda cur, bai bar ni na kama kowa ba. Sai dai ya ce in sunkuyar da haɓa, kada in tare ƙasa da tafin hannu, in saki jiki. Ran da na gaji na ce cikin in'inata: "Kawu, yaushe za ka koya mini kaye?" Ya ce: "Ɗana, wanda bai iya hwaɗuwa ba, tsoron ƙasa ka kada shi tun ba a taɓa shi ba."

Bayan nan ya koya mini tsayuwa, da riƙon ƙugu, da taɗiya, da yadda ake jin nauyin abokin karawa ta kafaɗarsa kafin ya motsa. Amma abin da ya juya rayuwata ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Al'ada ce duk wanda zai shiga fili ya yi kirari. Na roƙi Kawu ya ɗauke mini wannan, ya ƙi. Ya ce in cika ciki da iska kamar zan ɗaga turmi, in dubi saman kawunan mutane, in sake shi da ƙarfi bisa bugun ganga. Daren kokowata ta farko na shiga fili ƙafafuna na rawa, na buɗe baki, sai ga magana tana fita tiryan-tiryan babu inda ta tsaya. Ni kaina na tsorata. Yaron da muka kama, wanda bai kai ni tsawo ba, bai ɓata lokaci ba ya shimfiɗa ni. Na faɗi yadda aka koya mini, na tashi na kakkaɓe rairayi ina dariya. Washegari ba wanda ya yi zancen kayen, kowa cewa yake ashe yaron nan yana magana.

Ban taɓa zama gwanin kokowa ba, jikina bai ba ni ba. Amma daga ranar na zama mai riƙe totuwar masara a bakin fili ina kwaikwayon masu sharhin rediyo, manya na ba ni dala biyar. Hanyar da ta kai ni makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC a Yamai, ta kai ni gaban makirfo, daga rairayin nan ta faro.

Shi kuwa Kawu bai tara komai ba. Ya rasu a ɗakin da ya gada. Amma har ƙarshen rayuwarsa, in rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin ƴan uwa kan iyakar gona, shi ake aikawa a kira. Ba don ana tsoronsa ba, tsoho ne mai ɗingishi. Sai don ba a taɓa ganin ya ɗaga murya ba. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe ƙato a hannunsa ya san inda fushi ke kai mutum.

Farar riga da baƙin ɗamara

A shekarar 2003 na shigo birnin Maraɗi karatun kwaleji. Zamanin gidajen bidiyo ne, ka biya dala biyar ko goma ka kalli Bruce Lee da Jackie Chan, ka fito kana harbin iska. Wani abokina ya ja ni gidan matasa inda wani malami, da muke kira Metir, ke koyar da tekwando a kan siminti. Ranar farko abin ya ba ni dariya: fararen kaya, sunkuyawa a bakin ƙofa, ƙirga da yaren Koriya. Amma ban yi sati ba na gane gidan da na baro ne na sake shigowa ta wata ƙofa.

Daga baya da na karanta tarihin waɗannan wasanni na ga dalili. A shekarar 1882 wani malamin makaranta a Tokyo mai suna Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Dabo) ya tattara dabarun faɗa na mutanen Japan, ya cire masu kisa, ya kafa makarantar Kodokan ya kira abin judo. Manufarsa tarbiyya ce, kuma daga wurinsa tsarin matakai da baƙin ɗamara ya bazu zuwa sauran wasannin. Abin da ake fara koya wa ɗalibin judo shi ne faɗuwa. Da na ga wannan sai na tuna Kawu, wanda bai san akwai wata ƙasa Japan ba. Shi kuma tekwando a Koriya ya tashi bayan ƙarshen mulkin mallakar Japan a 1945, lokacin da mutanen ƙasar ke neman abin da za su ce nasu ne. An raɗa masa sunan a 1955, an kafa hukumarsa ta duniya a 1973, ya zama cikakken wasan Olamfik a Sidni a shekarar 2000. Wato abin da Kunce ya nema da kokowa a Tawa, shi mutanen Koriya suka nema da tekwando: a ɗauki ƙarfin samari a gina ƙasa da shi.

Metir kan sa mu maimaita ƙa'idoji biyar kafin a tashi: ladabi, gaskiya, juriya, kamun kai, da zuciyar da ba ta karaya. Duk wanda aka kawo ƙararsa ya yi faɗa a unguwa, sai ya yi sati biyu yana sharar ɗaki bai sa kaya ba. Wanda makinsa ya faɗi a lakwal ba ya shiga jarrabawar ɗamara. Ihun da ake yi lokacin bugu kuwa, daga ciki yake fitowa, daidai inda kirari ke fitowa. Har yau kafin jan fitila ta kama a ɗakin watsa shirye-shirye, irin numfashin nan nake ja.

Abin lura a tarihin Nijar shi ne, lambobin Olamfik biyu da ƙasar ta samu duka daga wasannin faɗa suka fito. Na farko Isaka Dabore ne, ɗan damben zamani, da ya ci tagulla a Munik a 1972 a ajin kilo 63.5, bayan ya je wasannin 1964 da na 1968 ya dawo hannu wofi. Sai da aka shekara 44 kafin a sami na biyu. Abdurrazak Isufu Alfaga, wanda aka haifa a 1994, mahaifinsa ya hana shi tekwando tun yana ƙarami bayan wani ɗan uwansu ya rasu sanadin raunin da ya samu a wasan. A Togo, wajen dangi, ya koma yi a ɓoye. Daga baya ya sami horo a Jamus. A watan Agustan 2016 ya kai wasan ƙarshe a Riyo, a ajin masu nauyin sama da kilo 80. Ina gidan rediyo daren nan, wajen ƙarfe biyu, mu huɗu da mai gadi gaban ƙaramin talabijin. Radik Isaev na Azarbaijan ya rinjaye shi, ya dawo da azurfa. Na ga yadda ya sunkuya wa abokin karawarsa, na ce a raina wannan ya iya faɗuwa. Shekara guda bayan nan, a 2017, a garin Muju na Koriya ta Kudu, ya doke Mahama Cho na Birtaniya ya zama zakaran duniya. Bayan wannan nasara ɗakunan horo suka cika da yara, har da ƴan mata, kuma a wasannin Tokyo da aka yi a 2021 Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a tekwandon mata.

Ƙarfin da ba shi da maigida

Da a nan labarin ya tsaya da na gaya wa yayata ta kwantar da hankalinta. Amma akwai ɗaya gefen.

Abokin nan nawa da ya kai ni wajen Metir ya fi mu duka iyawa. Ƙafarsa kamar bulala. Da ya sami baƙin ɗamara sai ya ga ya wuce a sa shi shara. Ya daina zuwa, ya bar lakwal, ya koma bin ƴan siyasa lokacin zaɓe ana ba shi jika biyu jika uku yana tsare musu taro. Wata rana ya harbi wani saurayi a haƙarƙari, aka kwantar da yaron a likita, shi kuma ya yi zaman kaso. Da ya fito gari ya yi masa zafi. Lokacin da aka gano zinariya a Jado a 2014 ya bi ayari ya yi arewa. Mahaifiyarsa har yau in mun haɗu sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko ya kira.

Horo ɗaya muka sha, a kan siminti ɗaya. Bambancin shi ne ya ɗauki bugun ya bar mai koyarwar. Wanda ya kalli fim ɗin nan mai suna Zinder da Aisha Macky ta fitar a 2021, kan samarin unguwar Kara-Kara a Damagaram, ya ga irin wannan a fili: matasa majiya ƙarfi suna ɗaga ƙarafa daga safe zuwa yamma, babu aiki, babu makaranta, babu wani babba da ke jiran su da wata manufa. Ƙarfinsu bai gaza na ƴan takobi ba. Abin da suka rasa shi ne abin da dandalin kaka ke da shi tun kafin 1975, wato tsohon da zai ce kai tsaya, kai shiga, kai miƙa masa hannu.

Ko cikin waɗanda suka bi hanyar da kyau, lissafin ba ya da daɗi. Dubban yara ke mafarkin takobi, 80 ke shiga fili, mutum ɗaya ke ɗauka a shekara. Na yi hira da tsofaffin ƴan kokowa da dama waɗanda a zamaninsu gari ke fita tarbarsu, yau kuɗin maganin gwiwa ya gagare su. Ƙarfi baƙo ne, yana zuwa ya kwana biyu ya wuce. Abin da ke zama shi ne halin da aka koya a hanya, da sana'a ko ilimin da aka riƙe a ɗaya hannun.

Ranar Juma'a

Na isa ƙauye bayan an sauko daga masallaci. Ban kira yaron gaban uwarsa ba, na ce ya raka ni gulbi. Ya fi ni tsawo yanzu, kafaɗunsa sun buɗe, kuma da na ga yadda yake taka ƙasa na san abin yana jikinsa. Ya ce: "Kawu, ko Isaka da takarda ya ci takobi shida?" Na ce a'a. Na tambaye shi sunayen waɗanda Isaka ya kayar a hanyarsa ta zuwa takobin farko. Ya yi shiru. Na ce su ma ƴaƴan wasu ne, kuma su ne suka fi yawa.

Na ba shi labarin kakansa, mai ɗingishi, da na abokina na Jado. Sannan na ce masa ban zo hana shi kokowa ba, na zo in tambaye shi wa ke koya masa. Ya ce su da kansu suke yi, shi da abokansa, suna kallon bidiyo a waya. A nan na gane inda matsalar take. Da yamma muka je gidan wani dattijo da suka yi zamani da Kawu, na durƙusa na gaishe shi na ce: "Baba, ga jikanka na kawo maka amana." Ya dubi yaron sama da ƙasa, ya ce zai karɓa, amma duk ran da ya ji an ce bai je lakwal ba, kada ya tako masa ƙofa. Yaron ya haɗiye yawu ya ce ya yarda. Ranar Litinin ya ɗauki jakarsa.

Kira na ga hukumar kokowa da masu zuba kyauta a fili shi ne su tuna da waɗannan dattawa na ƙauye, domin su ne makarantar da ke fitar da ƙarfafan da ake tafa wa, kuma su ne ke hana sauran lalacewa. A kula da lafiyar waɗanda suka tsufa a fili, a kuma ɗaure wa ƙananan ƴan kokowa sharaɗin karatu ko sana'a kamar yadda Metir ya ɗaure mana. Iyaye kuma kafin mu ce wa yaro ya yi ko ya bari, mu fara tambayar hannun wa zai shiga.

Shekaran jiya yaron ya kira ni, ransa a ɓace. Ya ce: "Kawu, sati uku ke nan tsohon nan bai bar ni na kama kowa ba, tura ni kawai yake ina faɗuwa." Na ce masa ya yi haƙuri, saura sati guda.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya. Wassalam.